Ƙasa Ba Ta Tsayawa Sai An Ɗaure Ta

Kowace shekara idan watan Agusta ya kama, labari iri biyu ne ke yawo a Dawanau da ƙauyukan da ke kewaye da ita. Na ɗaya, katangar gidan wane ta faɗi cikin dare. Na biyu, ruwa ya ci gefen gonar wane, ko ya yanke hanyar da amalanke ke bi. Mukan jajanta wa juna, mu ce Allah ya kiyaye gaba, kowa ya koma harkarsa sai kuma wata damina. A ganinmu labaran nan biyu labari ɗaya ne: ƙasa ce ta saki, domin babu abin da ya ɗaure ta. Muna so mu yi magana a kan wannan da ɗalibanmu, musamman masu fita bana, da iyayensu, domin magani yana kusa da mu fiye da yadda muke zato, kuma yawancinsa ba ya bukatar kuɗi masu yawa.

ABIN DA KE SA ƘASA TAFIYA

Ƙasar wannan yanki na arewacin Kano yawancinta jigawa ce, mai yashi, mai sauƙin noma, mai sauƙin tafiya kuma. Ruwan shekara kusan duka yana sauka ne cikin wata huɗu, daga Yuni zuwa Satumba, sau da yawa da ƙarfi da iska. Ɗigon ruwa idan ya faɗo a kan ƙasa tsirara yana farfasa ta kamar yadda taɓarya ke farfasa hatsi a turmi. Abin da ya farfasa, shi ne ruwan da ke gudu zai kwashe. Ɗaliban kimiyya sun san cewa idan gudun abu ya ninka sau biyu, ƙarfinsa yana ninkawa sau huɗu. To haka ruwa yake. Shi ya sa ɗan layin da ya ja a gefen hanya bana yakan zama rami baɗi, bayan 'yan shekaru kuma ya zama kwazazzabo wanda jaki ba ya iya tsallakewa.

A kan wannan sai ga sauyin da Dawanau ta gani. Tun da aka kafa kasuwar hatsi a 1985, garin ya bunƙasa har ya zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin abinci na Afirka ta Yamma. Gero da dawa da masara da wake da riɗi da zoɓo suna shigowa suna fita dare da rana a kan hanyar Kano zuwa Katsina. Wannan albarka ce, muna gode wa Allah. Amma gonakin da da suke shanye ruwa yanzu an yanka su filoti, an gina sito-sito da gidaje masu rufin kwano, kwano kuwa ba ya shan ruwa ko ɗigo. Bari mu yi ɗan lissafi. Ruwan sama na milimita 1 a kan fili mai murabba'in mita 1 lita 1 ne. Sito mai tsawon mita 20 da faɗin mita 10, idan aka yi ruwa na milimita 50 a dare guda, zai zubo da lita 10,000, wato duro 50 na mai lita 200. Sito ɗaya ke nan. Ku ƙirga rufin da ke unguwarku, sa'an nan ku tambayi kanku ina ruwan nan yake zuwa. Yana zuwa gindin katangar maƙwabci ne, da gonar wanda ke gangare.

Har ila yau, kowane sabon gini yana bukatar yashi da burji da jar ƙasa. 'Yan tifa suna haƙa inda suka samu, su bar rami a buɗe. Bakin ramin nan shi ne ƙofar da zaizaya take shiga. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

ABIN DA MAGABATA SUKA SANI

Kada wani ɗalibi ya yi tsammanin ɗaure ƙasa ilmi ne da aka kawo mana daga waje. Ganuwar Kano, wadda tarihi ya ce an fara ta a zamanin Sarki Gijimasu wajen shekaru 900 da suka wuce, ƙasa ce. Gidan Rumfa, wanda Sarki Muhammadu Rumfa da ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499 ya kafa, da ƙasa aka fara shi. Tsohon Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19, wanda masana gini na duniya ke yabawa, shi ma ƙasa ce da azara. Maginan nan ba su san siminti ba, amma sun san abubuwa huɗu.

Na farko, sun san zaɓen ƙasa. Magini yakan ɗebi ƙasa ya jiƙa ya murza a hannu, ya gane mai yawan yashi wadda ba ta kamawa, da mai yawan yumɓu wadda ke tsagewa idan ta bushe. Na biyu, sun san haɗi. Ana kwaɓa ƙasa da yankakkiyar ciyawa da kashin dabbobi, a tattake ta, a bar ta kwanaki ta ruɓa, a sake tattakewa kafin a yi tubali. Ciyawar nan ita ce ke riƙe tubali kada ya tsage. Wanda ya karanta Littafin Fitowa sura ta 5 zai tuna irin wahalar da Isra'ilawa suka sha a Masar lokacin da aka hana su ciyawar yin tubali. Dabarar ta daɗe ƙwarai.

Na uku, sun san hana ruwa shiga. Daga ɓawon ɗorawa ake samun makuba, a daka a jiƙa, a kwaɓa ƙasar yaɓe da jan ruwanta. Daga katsin da ake kwashewa a marina a ƙona, da gashin akuya daga majema, da dafara, ake haɗa laso, wanda ake shafe soro da karofi da shi. Na huɗu, sun san daɓe. Iyayenmu mata sukan taru da madaɓi suna buga ƙasa da tsakuwa suna yayyafa ruwan makuba har tsakar ɗaki ta yi tauri tana sheƙi. Bayan wannan duka, ana yin bango da kauri a ƙasa ya tafi yana sirancewa, a sa indararo mai tsawo domin ruwa ya faɗi nesa da gindin gini, kuma kowane rani a sake yaɓe.

Abin baƙin ciki shi ne yanzu mun tsaya a tsakiya. Ilmin da na magina mun sake shi, na zamani kuma ba mu kama shi da kyau ba. Ana yin ginin ƙasa da gaggawa ba tare da an bar ta ta ruɓa ba, ba makuba, ba yaɓe. Ana buga bulo da siminti kaɗan domin buhu ya ba da yawa, bulon da ɗan yatsa yake iya kankarewa. Idan irin wannan gini ya faɗi sai a ɗora wa damina laifi.

ILMIN ZAMANI BAI ƘARYATA SU BA

Abin da injiniya ke yi a yau, idan aka duba, shi ne abubuwan nan huɗu da awo da na'ura. A 1933 wani injiniya a Amurka mai suna Proctor ya nuna cewa kowace ƙasa tana da gwargwadon laimar da ta fi daɓuwa a kai: in ta bushe ƙwarai ba ta haɗuwa, in ta jiƙe ƙwarai sai ta yi ta motsi a ƙarƙashin madaɓi. Har gobe da gwajinsa ake auna ƙasar hanya da ta madatsar ruwa. Babbar motar da ke bi ta kan burji kafin a zuba kwalta, aikin madaɓi take yi. Madatsar ruwa ta Tiga da aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, jikinta ƙasa ce da aka zuba hawa-hawa aka daɓe, ga shi tana riƙe da ruwan da ake noman rani da shi a Kura da Kadawa. Mun kuma ga ɗaya fuskar a watan Agusta na 1988, lokacin da aka yi ruwa mai yawa a Kano, dubban gidaje suka rushe, madatsar Bagauda ta fashe, aka yi asarar rayuka. Ƙasa tana iya riƙe kogi, amma sai an yi mata aikinta, an kuma bai wa rarar ruwa mafita.

Ga gwaji guda biyu da kowane ɗalibi zai iya yi a gida. A sami kwalba mai haske, a zuba ƙasa kashi ɗaya cikin uku, a cika da ruwa, a sa ɗan gishiri, a girgiza sosai a ajiye. Tsakuwa da yashi za su kwanta nan da nan, laka mai laushi ta biyo baya, yumɓu kuwa sai ya kwana kafin ya kwanta a sama. Da ma'aunin layi za a ga rabon kowanne. Ƙasar da ta dace da bulo ita ce wadda yashinta ya fi rabi, yumɓunta kuma bai wuce kamar kashi ɗaya cikin biyar ba. Gwaji na biyu na laima ne: a dunƙula ƙasa a hannu a sake ta daga tsayin ƙugu. In ta watse ta zama gari, tana son ruwa. In ta manne ta zama faifai, ruwa ya yi yawa. In ta fashe gida huɗu ko biyar, ta yi daidai.

Idan ƙasa mai yashi ce, siminti kaɗan ke ɗaure ta, kamar mudu 1 cikin mudu 12 zuwa 20 na ƙasa. Idan mai yumɓu ce, ƙonannen farin dutse da injiniyoyi ke kira laim ya fi dacewa, domin yana rage mata kumburi da tsagewa. Ana matse haɗin a injin hannu, irin wanda aka ƙirƙira a ƙasar Kolambiya a shekarun 1950, sai bulo ya fito. Daga nan a jera shi a inuwa, a rufe, a riƙa yayyafa ruwa aƙalla mako guda, a kuma bar shi ya cika kwana 28 kafin a ɗora masa nauyi. Wannan jiran shi ne mutane suka fi ƙi, alhali shi ne rabin aikin. Cibiyar Binciken Gine-gine da Hanyoyi ta Najeriya, wadda aka kafa a 1978, ta daɗe tana ƙera irin wannan inji tana koyar da amfani da shi. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya kuma injiniyoyi sun yi gwaje-gwaje masu yawa a kan haɗa jar ƙasa da tokar abin da manomi ke zubarwa, irin su tuƙar rake, domin a rage simintin da ake bukata.

A GONA

Abin da ciyawa ke yi a cikin tubali, shi saiwa ke yi a cikin gona. Manoman kewayen Kano sun yi suna a wajen masana. Michael Mortimore, wanda ya fara nazarin wannan yanki a shekarun 1960, ya nuna wa duniya yadda jama'a masu yawa suke noma gona ɗaya kowace shekara ba hutu, amma ba ta mutu ba. Sirrin ba ɓoyayye ba ne: taki da ake kaiwa a mangala, haɗa gero da dawa da wake da gyaɗa a gona guda domin ƙasa ta rufu, shingen aguwa da lalle da bini-da-zugu a kan iyaka da burtali, gamba a gefen gona, da itatuwa irin su gawo da ɗorawa da kuka da tsamiya a tsakiya. Taki yana sa ƙwayoyin ƙasa su manne da juna, ruwa ya nutse maimakon ya gudu.

Abin da muke roƙo shi ne a riƙe waɗannan, a ƙara da abu uku. Na ɗaya, a yi huɗa a gicciye, kunya ta tare gangara, kada ta bi ta. Kunyar da ta bi gangara lambatu ce manomi ya haƙa da hannunsa. Na biyu, a dasa jema ko gamba layi-layi kusa da kusa inda ruwa ke bi. Jema, wadda muka sani a fadama, tana da saiwa mai nutsewa mita 2 ko fiye, ba ta yaɗuwa ta cinye gona, kuma layinta yana tace ruwa ya bar ƙasa a baya. 'Yar'uwarta ta ƙasar Indiya ce Bankin Duniya ya yi ta yaɗawa tun shekarun 1980 domin wannan aiki. Na uku, ƙaramin rami a tare shi tun yana ƙarami, da jerin duwatsu ko buhunan ƙasa ko turaku da kara. Shinge ƙanana da yawa a jere sun fi babba guda ɗaya, kuma a bar tsakiyar kowanne ya fi gefensa gajarta, domin ruwa ya bi ta kai, kada ya zagaya ya ci gefe.

Maƙwabtanmu na Nijar sun nuna abin da talaka zai iya. Bayan farin shekarun 1970 da 1980 ƙasar Maraɗi ta yi fayau, iska tana binne shuka da yashi. A 1983 wani ma'aikacin mishan ta SIM ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa 'yan tsirran da ake sassabewa kowace bazara tohon kututturen itatuwa ne masu rai a ƙarƙashin ƙasa. Manoma suka fara barin reshe kaɗan masu ƙarfi suna aske sauran, abin da suka kira sassabin zamani. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta wannan hanya an farfaɗo da wajen hekta miliyan 5 da itatuwa kimanin miliyan 200. Hausawa ne irinmu, da gatari da lauje irin namu.

MASU CEWA BA HAKA BA

Mun san akwai masu ja. Wani zai ce ginin ƙasa alamar talauci ne, shi dai bulo da siminti. Ba mu ƙi siminti ba. Harsashin gini da 'yan layukan farko, inda ruwa ke fantsama, lalle a yi su da dutse ko kankare, rufi kuma ya leƙo ya kare bango. Amma ɗakin ƙasa mai kauri ya fi sanyi a watan Afrilu, ya fi ɗumi da hunturu, kuma matsattsen bulon jar ƙasa da aka yi bisa ƙa'ida ya fi bulon yashin da aka yi wa rowar siminti. Abin kunya shi ne bangon da ya faɗo wa yara suna barci, ko da me aka gina shi.

Wani zai ce ciyawa a gefen gona tana cin wuri, tana tara macizai. Gaskiya ne gonakinmu ƙanana ne, gado yana ƙara rarraba su. Amma layin jema bai fi faɗin kunya ɗaya ba, ana yanke shi a yi zana ko jinka, a sayar. Kwazazzabo kuwa kunya nawa yake ci a damina guda, kuma wa ya taɓa girbe wani abu a cikinsa?

Wani kuma zai ce wannan aikin gwamnati ne. Rabinsa gaskiya ne. Kwazazzabon da ya fi tsayin mutum, da kwalbati, da manyan magudanan ruwa na kasuwa da bakin titi, aikin injiniya ne da hukuma, kuma haƙƙinmu ne mu nema ta hannun masu unguwa da dagatai da ƙaramar hukumar Dawakin Tofa. Haka kuma hukuma ce za ta tsara inda za a haƙi yashi, ta tilasta wa mai gina sito ya yi wa ruwan rufinsa hanya. A 2021 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 domin shirin ACReSAL na gyaran ƙasa a jihohin arewa 19 da Abuja. Amma mu tuna rance ne, yaran da ke karanta wannan mujalla suna cikin masu biya. Kuma babu shirin da zai zo ya juya wa mutum kunyar gonarsa, ko ya yaɓe masa katanga. Ramin da buhu biyar za su tare bana, in aka jira, tifa hamsin ba za ta cike shi ba.

AIKIN DA KE GABANMU

A nan makaranta muna ba da shawara ƙungiyar matasa manoma ta keɓe ɗan wuri ta yi renon jema da gamba, a dasa a duk inda ruwa ke bi a harabarmu da zarar damina ta zauna, a kuma bai wa iyaye iri kyauta. Ɗaliban kimiyya su kawo ƙasa daga unguwanninsu a yi gwajin kwalba, a rubuta sakamako a ajiye domin na baya. A gayyaci tsohon magini ya zo ya nuna yadda ake haɗa makuba tun masu sani suna raye, domin ilmin da ba a rubuta ba yana bin mai shi kabari.

A gida kuwa, a zagaya gini tun watan Afrilu, a toshe tsaga, a cika gindin bango yadda ruwa zai gangara waje, a gyara indararo, a yashe lambatu. A daina zuba shara da leda a magudana. A farfaɗo da gayya, domin ruwa bai san iyakar gona ba, bai kuma tambayi addinin mai katanga ba. Na tudu da na gangare, Kirista da Musulmi, dole su zauna su shirya hanyar ruwa tare. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ku ɗalibanmu masu fita, wasunku za su zama injiniyoyi, wasu 'yan kwangila, wasu ma'aikatan hukuma, wasu manoma da 'yan kasuwa. Wata rana za a ce da ɗayanku ya rage siminti, ko ya sa hannu a takardar hanyar da ba a daɓe ba, tun da ba mai gani. Ku tuna misalin da Ubangiji Yesu ya bayar na magina biyu, ɗaya a kan dutse ɗaya a kan yashi. Da rani gidajensu duka kyawawa ne, damina ce ta bambanta su. Littafin Farawa kuma ya koya mana cewa an sa mutum a gona domin abu biyu, noma da kiyayewa. Ƙasar saman gona da ruwa ke kwashewa a dare ɗaya tana ɗaukar ɗaruruwan shekaru kafin ta sake samuwa. Amana ce muka karɓa daga iyaye, za mu kuma ba da lissafinta.

Tun ran gini ran zane. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kiyaye gidajenmu da gonakinmu, ya ba ku hikima da riƙon gaskiya a duk inda kuka sami kanku. Amin.